Batirin da Yaya Bala Ya Shanya

Inna Delu ta ce ba za ta je ba.

Ba ta ɗaga murya ba. Tana zaune kan tabarma a gidan babban ɗanta a Bungudu, tana tsintar wake da laluben hannu, ta ce likitocin nan su yi ta aikinsu na kyauta a Gusau, Allah ya ba su lada, amma ita ba mai sa mata wuƙa a ido.

Mannir, autanta, ya rufe shagonsa na gyaran waya a Sabon Gari ya taso takanas don ya lallashe ta. Yanar ido ta kusa rufe mata duniya, likitocin kuwa ranar Alhamis za su naɗe kayansu su tafi.

"Inna, ko zafi ba za ki ji ba," in ji shi.

"Haka aka ce ma Yelwa. Yanzu jikanta ka jan ta zuwa biki."

"Yelwa wurin mai tsinke ta je a kasuwa, ba asibiti ba."

Inna ta jefar da wani tsakuwa, da ƙwayar wake mai kyau a tare da shi. "To ji nan, Auta. In dai za a kashe mani fitila, sai na ga Malam tukuna. Ba kewarshi nike ba. Hancinshi ne ya ɓace mani. Ina tuna gemu, ina tuna kunnuwa, in na zo tsakiya sai in ga fili. Ka nuna mani shi, in duba, sannan a yi magana."

Mahaifin Mannir, marigayi Malam Shehu, malamin gona ne, kuma mutum ne da duk sa'ad da aka ɗaga kyamara sai ya tuna bai yi alwala ba. Hotonsa ɗaya ne tak a duniya. Wasu masu aikin bunƙasa noma ne suka ɗauke shi ba shiri, suka ɗora a fuskar kwamfutar cinya da suka ba shi, tun zamanin da waya mai tocila take abin nunawa. Kwamfutar tana nan ƙarƙashin bencin Mannir, nauyinta kamar dutsen niƙa. Matsalar ita ce sauran kayanta ba sa wurinsa.

Lokacin da Malam ya rasu an raba gona da gida da shanu yadda shari'a ta tanada, ba wanda ya yi ƙorafi. Sai aka zo kan tarkacen ɗaki, aka bar wa Baffa Dogo, ƙanen marigayi. Baffa ya zazzage jakar kwamfuta, ya ga abu uku sun faɗo, ya duba ya ga 'ya'ya uku, ya yi hamdala da Allah ya kawo sauƙi. Yaya Bala, da yake shi ne babba, ya fara zaɓe. Ya tambaya wane ne ran abin, aka ce batir, ya ɗauke batir. Yaya Hassana ta ɗauki caja don tana da igiya, igiya kuwa ba ta rasa amfani. Mannir yana yaro, aka miƙa masa akwatin da ya rage, har ana ba shi haƙuri.

Da ya koma Gusau ya jawo ta ya karkaɗe ƙura. Ya gwada duk wata caja da ke shagonsa, da ta maƙwabta, da wadda ake kira mai-baki-goma. Wata ta yi kauri, wata ta yi siriri, wata ta shiga tana rawa kamar cokali a kofi. A ƙasan kwamfutar an rubuta wuta sha shida take ci, na zamani kuwa sun haura haka, kuma ba zai ɗura mata abin da zai ƙona hancin ubansa ba. Ya ce bari ya ciro ma'ajiyarta ya karanta a wata kwamfutar, sai ya tarar da haƙora jere irin na da, abin da zai karɓe su sai an aiko daga Kano, kafin ya iso likitoci sun yi nisa.

Da safe ya sa ta a jaka ya nufi tasha, motar Tsafe.

Yaya Hassana tela ce, irin masu ɗinki da ƙafa suna faɗa da baki. Ta bar shi ya gama gaisuwa, ya sha ruwa, ya yi bayani tun daga wake har hanci, ba ta daina taka keke ba.

"Cajata kake so."

"Aro, Yaya."

"Haka ka ce ranar da ka ɗauki dutsen gugata. A leda ka maido mani shi. Leda biyu."

"Wannan ina koyo ne."

"A kaina ka koya."

Duk da haka ta nuna masa da haɓa. Tubalin cajar yana kan tebur, shi take danne yadi da shi in za ta yanka. Igiyar kuwa ta bi ta taga ta fita waje, inda aka ɗaure ƙofar akurkin kaji da ita, ƙulli uku, na ukun irin na 'yan kamun rago. Mannir ya durƙusa yana kwancewa, wani zakara ja yana auna bayan wuyansa. Da ya gama ya ɗora mitarsa ta auna wuta a kan wayar. Shiru. Ya bi ta da yatsa har ya ji inda ta yi laushi, wurin da kaji suka shekara suna saran ta don sun ɗauka tsutsa ce da ta ƙi mutuwa.

Ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya feƙe, ya murɗa ja da ja, baƙi da baƙi, ya naɗe da salatif. Mita ta yi ƙara. Wayar ta haɗu ke nan.

"Ina ɗaya igiyar, mai shiga bango?"

"Haka na gaje ta."

Ya duba bakin tubalin, ya duba rediyon da ke kan taga. Iri ɗaya. Ya zare ta rediyo ya soka, ta zauna daram.

"Yanzu rediyona ma ya shiga gado?" in ji Hassana.

Ya nufi soket, ta yi dariya har keken ya tsaya. Unguwarsu rabonta da wuta tun kafin azumi. A cikin soket ɗin ma gizo-gizo ya yi iyali.

"To ba ni, in gwada a shago."

Ta miƙe ta yafa mayafi, ta naɗe cajar ta sa a jakarta ta rataya. "Inda za ta, nan za ni. Shagonka kuma ba ta shiga. Maƙabartar kayan mutane."

Suna mota kafin su kai Gusau wayar Mannir ta yi ƙara. Yaya Bala ne, ya ji labari wurin Inna.

"Kai Auta! An ce kuna shirin tada kayan Baba a bayan idona?"

"Gwaji ne kawai, Yaya."

"Gwaji da mi? Ran abin yana wurina. Ku taho Bungudu a yi shi gaban kowa."

Haka suka sauka a Gusau suka sake mota, Hassana ta rungume jaka kamar mai jego.

Yaya Bala dillalin hatsi ne, mai faɗin ƙirji da faɗin murya, mutumin da ko sannu ya ce maka sai ka waiga ka ga ko da wani yake faɗa. Ya sa aka share zaure, aka shimfiɗa darduma, aka jawo waya daga solar gidan. Aka zaunar da Inna a kujera. Sannan ya sa tsani ya hau rufin kwano da kansa, ya sauko da wani abu a naɗe cikin tsumma, yana jujjuya shi daga hannu zuwa hannu don zafi.

"Me yake yi a kan kwano?" in ji Mannir.

"Caji mana. Kai ba mai gyara ba ne?" Yaya Bala ya warware tsumman a hankali. "Tun ranar da Baffa ya ba ni shi, ba Juma'ar da ban shanya shi ba. Yadda muke yi wa na tocila da na rediyo. In damina ce, kusa da murhu. Yau da na ji labari, tun hantsi na ɗora shi. Duba nan. Duba yadda ya ƙoshi."

Mannir ya duba. Batirin da aka ƙera shi a miƙe kamar sandar rake ya yi ciki. Gefensa ya tsage, wani farin gari ya bushe a bakin tsagar.

"Ma sha Allah," in ji shi da wata siririyar murya.

Batirin ya ƙi shiga gurbinsa. Yaya Bala ya karɓa, ya kifa kwamfutar a cinya, ya yi bisimilla, ya sakar mata tafin hannu irin wanda yake daddale buhun gero da shi. Ya shiga. Hassana ta fito da caja, ta ƙi ba kowa, ta soka da hannunta. Mannir ya danna maɓalli.

Wata 'yar fitila ta kawo kore. Fankar kwamfutar ta yi tari sau ɗaya, kamar tsoho zai yi magana a taro. Fitilar ta koma ruwan goro, ta ƙifta, ta mutu.

"Ya fito?" in ji Inna.

"Yana hanya, Inna."

Ya sake dannawa. Tari, ƙiftawa, mutuwa. Tubalin cajar ya fara wani ƙas-ƙas-ƙas a hankali, ya ɗauki ɗumi.

"Cajar ce," in ji Yaya Bala. "Abin da kaji suka yi kiwo a kai."

"Kajina sun fi awakinka tarbiyya. Auna ta, Auta, a gaban shaidu."

Mannir ya zare ya auna. Sha shida cif. Hassana ta karɓi mitar ta kai wa Yaya Bala har gaban hanci, ko da yake ita ma ba ta san me ta nuna ba. Mannir ya mayar ya soka, ya auna daga jikin wayar inda ya yi ɗauri. Lambar ta zube ƙasa warwas. Wato cajar lafiyarta lau, sai an haɗa ta da kwamfutar wani abu a ciki yake shanye wutar gaba ɗaya.

"To akwatin ne," in ji Hassana. "Wa ya san abin da ya shiga cikinta a wancan shago."

A nan yaya da ƙanwa suka haɗe kai a karon farko tun rabon gado. Mannir ya kwance murfin ƙasa don ya wanke kansa, sai ga gidan zanzaro guda a maƙale jikin fanka, da gawar kyankyaso a miƙe kamar ya biya haya. Zauren ya ɗauki salati. Ya kakkaɓe, ya hure, ya goge da burushi, yana jin kunnuwansa suna zafi. Ya duba bakin da caja ke shiga, ya ga yana ɗan girgiɗi, ya matse. Ya mayar da murfi. Ya danna.

Tari, ƙiftawa, mutuwa.

"A fitar da su duka ukun a shanya," in ji Yaya Bala. "Rana ba ta faɗi ba."

Mannir ya san mai laifi. Tun da tsumman nan ya buɗe ya sani, bin sauran da ya yi duk fatan Allah ya sa ba shi ba ne. Batirin ya mutu tun tuni, ya dahu, ya haɗe ta ciki, duk wutar da ta shigo shi yake zuƙewa ya hana kwamfutar. Magani ɗaya ne, a cire shi. Amma wa zai dubi Yaya Bala, mutumin da ya shekara goma sha wani abu yana hawa tsani ranar Juma'a, ya ce masa gawa yake shanyawa? Zai naɗe tsummansa, ya ce a tashi daga zaurensa, a cire waya daga solarsa. Inna kuwa ta riga ta fara laluben takalmi da ƙafa.

"Ni dai na gaya maku," take cewa. "Malam bai son a gane shi. Ku bar ni da idona."

Mannir ya ɗora mitar a kan batirin ta baya, inda ba mai ganin allonta sai shi. Ba ta nuna komai ba. Ya zaro ido. Ya ja da baya. Ya ce, "La'ilaha illallahu."

"Mi ya faru?" in ji Yaya Bala.

"Yaya, sau nawa ka ce kana shanya shi?"

"Duk Juma'a."

"Shi ya sa. Wutar da ke cikin batirin nan ta fi ƙarfin kwamfutar. Tsohuwa ce, Yaya. Ga wutar caja, ga ranar shekara da shekaru ta taho mata gaba ɗaya. Shaƙewa take. Kamar a ɗura wa jariri tuwon dawa."

Yaya Bala ya gyara zama. Ya dubi Hassana. "Kin ji ko?"

Hassana ta dubi Mannir, ta dubi cikin batirin, ta buɗe baki. Mannir ya roƙe ta da ido, irin roƙon da bai yi ba ko ranar dutsen guga. Ta rufe bakin, ta ja mayafi ta toshe shi, kafaɗunta suna rawa.

"To yanzu mi za a yi?" in ji Yaya Bala, muryarsa ta yi taushi irin ta mai abin hannu.

"Sai dai ka yi haƙuri ka janye shi. A bar ta da 'yar wutar Yaya Hassana, daidai ƙarfinta."

"Ai ba komai. Mu ba mu zalunci." Da kansa ya sa sukundireba ya ɓanɓaro shi, ya ajiye can gefe a kan tsumma, ya ce kowa ya yi nesa da shi.

Mannir ya danna. Kore. Fanka ta yi tari, ta sake, sannan ta kama juyi da wani gurnani irin na injin markaɗe. Allon ya yi haske. Ya mutu.

Wayar ce ta motsa. Bakin cajar ya gaji, sai an ɗaga shi sama kaɗan an karkata hagu yake kamawa, kuma tunda ba batir, ko ƙuda ya sauka a kai komai zai ɗauke.

"Ana son hannu mai ƙarfi wanda ba ya rawa," in ji Mannir.

Yaya Bala ya naɗe hannun riga. Ya kwanta rubda ciki a kan darduma, babban dillali guda, ya kama 'yar waya da yatsa biyu, ya daina numfashi. Kwamfutar ta yi ƙara sau biyu, ta yi ƙorafin ba ta san kwanan wata ba, a ganinta har yanzu ana shekarar da aka ƙera ta. Mannir ya ba ta haƙuri da maɓalli ɗaya. Ta yi tunani. Ta yi dogon tunani. Gumi ya taru a hancin Yaya Bala, Hassana ta sa gefen mayafi ta share masa don kada ya ɗiga.

Sai ga shi.

Gonar masara a Karakkai, rana tsaka. A dama, wani ƙaton farin buhun taki a tsaye, an ɗaure bakinsa. A hagu, Malam Shehu, siriri, ya ɗaga hannu ɗaya zai ce kada a ɗauka, bakinsa a buɗe. Ga gemu, ga kunnuwa, ga hanci dogo a tsakiya, irin na Mannir sak.

Hassana ta zaro waya ta ɗauki allon har sau uku. Aka matso da kujerar Inna. Ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa gilashin. Ta daɗe. Sannan ta miƙa yatsa ta shafa gefen dama.

"Allah sarki, Malam," in ji ta a hankali. "Ashe ka yi ƙiba haka ban lura ba. Ga farar rigar nan taka."

Yaya Bala ya yi wani sauti ta hanci, allon ya yi rawa, ya dawo.

"Inna," in ji Hassana, "wannan buhun taki ne."

"Wane?"

"Wanda kike shafawa. Baba ga shi nan a hagu."

Inna ta karkata hagu. Ta matse ido, ta buɗe, ta rufe ɗaya. "Wanga ba turke ba ne?"

"Baba ne, Inna."

Ta koma ta jingina. Mannir ya ga duk wahalar Tsafe da zakara da zanzaro ta tashi a banza. Ya tada kwamfutar, ya kawo Malam har gabanta, ga shi kuma ba ta gan shi ba.

Inna ta tafa hannu sau ɗaya. "To ni mi nike tattali? Idon da ya gaida buhu ya bar Malam tsaye? In sun kashe shi ma ba su kashe komai ba. Hassana, ɗauko mani mayafina na fita. Kai kuma wancan," haka take kiran ɗan farinta, "tashi daga ƙasa ka nemo mota."

"Inna, in na saki za ta mutu."

"Ta mutu. Auta ya san makwancinta."

An yi mata aikin kafin likitoci su tafi. Ranar da aka cire audugar idon, Hassana ta miƙo waya da hoton a ciki, Inna ta ture. A cikin abin Malam take son ganinsa. Aka koma zauren Bungudu, aka jawo waya, Hassana ta fito da caja daga jaka, Yaya Bala ya kwanta rubda ciki ba tare da an roƙe shi ba. Batirinsa yana kan kwano. Ya ce tunda ya fi ƙarfin kwamfuta, zai ci gaba da tara masa wuta har a samu abin da zai iya ɗauka. Mannir ya riga ya yanke shawarar zai sace shi kafin ya tashi da rufin.

Hoton ya fito. Inna ta sunkuya da sabon idonta. Wannan karon hagu ta nufa kai tsaye. Ta dubi hancin, ta daɗe tana dubansa, leɓenta yana motsi. Sannan idonta ya hau sama kaɗan, fuskarta ta canza.

"Wannan hular," in ji ta. "Wannan koɗaɗɗiyar hular da na ce ya ba almajiri ko ya jefar. Ya ce mani ya jefar. Ashe gona ya kai ta yana sawa!"

"Inna, hannuna ya fara sanyi," in ji Yaya Bala daga ƙasa.

"Riƙe. Ban gama da shi ba."